Yadda baƙo zai yi zirga-zirga a Maraɗi da kabu-kabu, adaidaita da motar tasha

Maraɗi ba gari ba ne da ake tsayawa bakin hanya ana jiran bas mai lamba. Abin hawan da jama'a ke dogaro da shi a cikin gari iri biyu ne: kabu-kabu, wato moto (babur) mai ɗaukar fasinja, da adaidaita mai ƙafa uku. Taksi ba shi da yawa, wanda ya ce sai shi zai sha rana. Babu tikiti, babu allon farashi. Kai da mai abin hawa za ku yi magana ku daidaita, saboda haka tafiyarka tana gyaruwa ko ta ɓaci ne tun kana tsaye a ƙasa, kafin ka ɗaga ƙafa ka hau.

Kafin ka fita ƙofar tasha

Manyan motocin kamfani irin su Rimbo, STM, Al Izza da Sonef ba wuri ɗaya suke sauke mutane ba, kowane kamfani da tasharsa mai katanga da ƙofa. In wani zai tarye ka, kada ka ce masa "na iso tasha" kawai, faɗa masa sunan kamfanin da ka hawo. Daga Yamai tafiyar kimanin kilomita 660 ce, motar da ta tashi da asuba sai yamma take shigowa, wani lokaci har duhu in ta sami matsala a hanya. Riƙe ƴar takardar da aka ba ka lokacin da aka saka jakarka a cikin mota, da ita za ka karɓi kayanka.

A bakin ƙofa za ka tarar da ƴan kabu-kabu sun yi cincirindo, kowa na miƙo hannu ga jakarka. Kada ka sake ta ga kowa sai kun gama magana, domin da zarar kaya sun hau tankin moto, ciniki ya koma hannunsa. Farashin bakin ƙofa ya fi na kan hanya. In kayanka marasa nauyi ne, taka kaɗan ka bar ƙofar, ka tsayar da mai wucewa. In kuwa dare ya yi nisa, ba ka san gari ba, ba wanda ya zo taryarka, zauna cikin tashar kamfanin har gari ya waye. Fasinjoji sun saba kwana a nan kan tabarma, ba abin kunya ba ne.

Wanda ya fito daga Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa cikin ƙaramar mota, abu na farko da zai yi shi ne canjin kuɗi. Naira tana yawo a Maraɗi, ƴan kasuwa da dama suna karɓa, amma mai kabu-kabu da ya karɓi naira da lissafin kansa zai karɓa, kuma ba zai yi lissafin da zai cuci kansa ba. Canza abin da zai ishe ka kwana biyu wurin ƴan canji, ka ce a haɗa maka da ƙananan kuɗi.

Lissafin dala

Nan ne baƙi suka fi tafka asara, ko su tayar da rigimar da ba ta da dalili. Abin da aka rubuta a jikin kuɗi sefa ne, amma da Hausa da dala ake ƙirga, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Kalmar dalar ma ba a cika faɗinta ba, adadin kawai za ka ji. Duk abin da aka faɗa maka da Hausa, ninka shi sau 5.

Ashirin sefa 100 ce. Talatin 150, arba'in 200, hamsin 250, sittin 300, tamanin 400. Ɗari ita ce 500. Daga nan sai jikka, wato sefa 1000, ita ba a ninka ta. Jikka da rabi 1500, jikka biyar 5000. Mai moto ya ce "kawo arba'in", ƙwandalar 200 yake nufi, ko ƴan 100 guda biyu. Wanda bai sani ba sai ya ji araha ta yi yawa ya hau da murna, a sauka a fara musu. Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi zafi: baƙo ya ga an rubuta 200 a jikin ƙwandala, ya ce "zan ba ka ɗari biyu", alhali a kunnen mai moto ya yi alkawarin jikka guda ke nan.

In an faɗi kuɗin da Faransanci, kamar "de san" ko "mil", to wannan sefa ce kai tsaye, ba a ninkawa: 200 da 1000. Samari da ƴan makaranta sukan cakuɗa harsunan biyu cikin magana ɗaya. In ka yi kokwanto, fito da kuɗin ka nuna a tafin hannu ka ce "wannan ko?" Ya gani, ya amsa, magana ta ƙare.

Sai batun canji. Ƙwandaloli akwai na 25, 50, 100, 200, 250 da 500, takardu kuma daga 500 zuwa 10000. Ɗan kabu-kabu da sassafe ba ya da canjin jikka biyu, balle biyar. In babbar takarda ce kawai gare ka, faɗa tun kafin ka hau: "jikka biyu gare ni, kana da canji?" In babu, ya san inda zai tsaya a hanya, galibi wurin mai sayar da mai. In ka yi shiru sai an iso, ko dai ka tsaya jiransa yana yawon neman canji da kuɗinka, ko ka haƙura da ragowar. Ƙwandalar da ta side har rubutunta ya goge da takardar da ta yage an liƙe ta, ana yawan ƙin karɓarsu, kai ma duba abin da aka mayar maka. Hanya mafi sauƙi ta samun ƙanana ita ce ka sayi ruwa ko katin waya a kanti da babbar takarda kafin ka fara yawo.

Nawa ne kuɗin tafiya? Yana bin nisa, yana bin farashin mai. Maraɗi ta daɗe tana shan man da ƴan ruwa-ruwa ke shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya, kuma tun da aka cire tallafin mai a can a 2023 lissafin ya canza. Abin yi shi ne ka tambayi mai masaukinka, ko mai shayi, ko mai gadin tasha, wato wanda ba shi da riba a cikin tafiyarka: "daga nan zuwa babbar kasuwa nawa ake biya?" Wannan adadin shi ne ma'auninka. Tafiyar da ta ninka wannan nisa, ka san abin da za ka ƙara.

Yadda ake kwatance

Da sunan unguwa da wata alama ake tafiya, ba da sunan titi ko lambar gida ba. Ka riƙe siffar garin a kai, za ta taimake ka. Babbar hanyar gudron, wato kwalta, ta ratsa gari daga arewa, inda ta rabu da hanyar Yamai zuwa Damagaram, ta gangara kudu ta nufi Ɗan Isa da iyaka. Gulbi yana yamma. Asalin garin a cikin kwarin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hauro tudu, kuma unguwannin da suka hauro da sunayensu, irin su Bagalam, Mokoyo, Ƴandaka, Maraɗawa, Limanci da Ɗan Gulbi, su ne tsohon gari, wajen fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Sabon Gari, Zariya, Sura Bildi da Ali Ɗan Sofo daga baya suka zo. Mutumin Najeriya ya lura: in ya ji an ce Zariya ko Sabon Gari a nan, unguwa ce cikin Maraɗi.

Sunan unguwa kaɗai bai isa ba, domin wasu unguwannin suna da faɗi ƙwarai, kuma kuɗin bakin unguwa daban da na ƙuryarta. Kwatance mai kyau yana da gaɓa uku: unguwa, alamar da kowa ya sani, sannan inda gidan yake daga alamar. Alama ita ce masallacin Juma'a, makaranta, farmasi, gidan mai, tankin ruwa, ko gidan wani sanannen mutum. Misali: unguwa kaza, bayan farmasi kaza, layi na biyu in ka bar gudron, hannun dama. Nemi wannan daga bakin mai masaukinka tun kana hanya, ka rubuta.

Kalmomi uku suna ɓatar da baƙi: asibiti, tasha da kasuwa. Kowanne ya fi ɗaya. Akwai babban asibitin jiha da aka fi sani da CHR, akwai sabon babban asibiti na Referans, akwai na uwa da yaro, ga kuma asibitin Danja da ke bayan gari kan hanyar Ɗan Isa. Ka ce "kai ni asibiti", zai kai ka wanda ya fi kusa ko wanda ya fi saba zuwa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuwa ba ta da wannan matsala, ka ce jami'a ko "inibarsite" an gane.

Akwai ƴan kabu-kabu da ba ƴan gari ba ne, samari ne da ke shigowa daga ƙauyuka da rani neman kuɗi, kuma da wuya ɗayansu ya ce maka bai san wuri ba. Zai ce "mu je". Gwada shi: "ta ina za ka bi?" In ya ambaci wata alama a hanyar, ya sani. In ya yi ƴan kame-kame, kira mai masaukinka ka buɗe murya su yi magana, wayar tana hannunka. Taswirar cikin waya tana nuna manyan hanyoyi daidai, amma a lungunan sababbin unguwanni ba ta san inda rairayi ya cinye hanya ko inda ruwa ya yanke ta ba.

Tsayarwa, ciniki da hawa

Ɗaga hannu ya isa, sau da yawa ma su ne za su yi maka oda in sun gan ka tsaye. Fara da sallama ko "sannu da aiki". Saurayi ka ce masa "abokina" ko "mai moto", wanda ya manyanta "malam" ko "baba". Faɗi inda za ka, ka bari shi ya fara yanka kuɗi. In ya wuce ma'aunin da ka riƙe, faɗi naka sau ɗaya cikin natsuwa. Ya ƙi, ka ce "to, Allah ba da sa'a", wani na tafe a bayansa. Ba a doguwar jayayya kan kuɗin kabu-kabu, kuma matse mutum kan dala biyar a tsakiyar zafin watan Afrilu ba wayo ba ne.

Duk abin da zai ƙara kuɗi a faɗe shi yanzu: kaya, tsayawa a hanya don sayen wani abu, jira, ko dawowa da kai. "Kai ni ka jira ni ka maido ni" ciniki ne daban, a yanke shi dunƙule, a kuma faɗi tsawon jiran. Biya sai an sauka.

Yayin da kuke magana, idonka na kan moton da mai shi. Tayar baya in ta side sumul, bar shi. Duba ko akwai wurin taka ƙafa ta kowane gefe, da yawa sun karye ba a gyara ba, kuma ƙafar da ke reto ita ke shiga wayar taya. Da dare duba fitila. Yaro ƙarami da bai kai ya riƙe moto ba, ko wanda idonsa ya yi ja yana magana da rawar jiki, kada ka hau, ko kyauta ne. Hular kwano ba a ba fasinja, don haka natsuwar mai tuƙi ita ce kariyarka. Kana da ikon cewa "sannu-sannu, ba sauri nake ba", kuma in bai ji ba ka ce ya sauke ka, ka biya shi na inda aka zo.

Hau ta hagu. Salansa tana dama, tana da zafin da ke sale fata nan take, kuma tabon ƙauri da ake gani jikin mutane da yawa daga nan yake. Sauka ma ta hagu. Mai babbar riga ya tattara ta ya ɗora kan cinya. Hajiya, ki naɗe gefen hijabi da zane ki danne su a ƙarƙashinki ko ki riƙe a gaba, kada ki bar komai yana lilo ta baya: in tufa ta shiga sarƙa ko wayar taya, fizgo mutum take yi ƙasa ta wuya, kuma mai moto ba ya gani sai abin ya faru. Jaka a tsakaninka da mai tuƙi, ko a kan tanki a gabansa, ba a rataye a kafaɗa ta gefen hanya ba. Waya a aljihu.

In an bar gudron an shiga rairayi, moto zai riƙa wutsil-wutsil da baya. Haka yake yi, ba faɗuwa za ku yi ba. Kuskuren baƙo shi ne ya sauke ƙafa don ya tokare, ko ya karkata jiki gefe, wannan ne ke kayar da su. Ƙafa a kan mataki, jiki a miƙe, hannu a ƙarfen baya. Inda yashin ya yi zurfi sosai zai ce ka sauka ka taka kaɗan, ka sauka.

Adaidaita

Ita ce ta mai kaya, mai iyali, tsoho, mara lafiya, da matar da ba ta son hawa bayan moto. Tana da inuwa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a Maraɗi. Hawa iri biyu ne, kuma rashin bambance su ke kawo rigima. Ko dai ka shiga a matsayin fasinja ɗaya, ka biya kuɗin kujerarka, shi kuma ya riƙa ɗaukar wasu a hanya yana sauke su, ko ka ɗauke ta shata, kai kaɗai da naka har ƙofar gida. In ka tarar da ita ba kowa ka shiga ba ka ce komai ba, yana iya lissafa maka shata. Tambaya: "za ka ɗauki wasu, ko ni kaɗai?"

Mutum uku ke zama a baya. Kujerar da ake raɓawa kusa da direba ba ta da daɗi kuma ba ta da tsaro, ka bar wa wanda ya saba. In akwai mata a ciki, namiji ya zauna gefe, kada ya raba su. Rauninta rairayi ne da rami: tayoyinta ƙanana ne, tana kafewa inda moto ke wucewa. In masaukinka yana can cikin unguwa mai yashi, tambaya ko tana shiga, kada a sauke ka bakin gudron da buhu biyu. Kayan da suka fi ƙarfinta, kamar buhunan hatsi ko katifa da gado, aikin mai kura ne ko amalanke, ana samunsu a bakin kasuwa.

Rana da lokaci

Litinin da Juma'a ne ranakun babbar kasuwa. Mutanen ƙauyuka na shigowa da motoci da amalanke, kewayen kasuwa ya cushe, kuma a nan kabu-kabu ya fi adaidaita sauri nesa ba kusa ba. Ranar Juma'a daga wajen ƙarfe 1 abin hawa yana ƙaranci, ana tare wasu hanyoyin kusa da masallatai, sai an sauko. In kana da alkawari ko motar da za ka kama, fita kafin nan. Da azumi kuma rabin awa kafin shan ruwa kowa gudu yake, lokacin da ya fi dacewa ka kasance ka riga ka isa ke nan.

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40 da rana tsaka, yi yawonka da safe ko bayan la'asar. Da hunturu ƙura ce, rawani ko takunkumi da tabarau suna da amfani a kan moto. Damina ta fi buƙatar hankali. Garin a kan tudu yake, ruwa yana gangarowa da ƙarfi ya nufi gulbi, wasu layuka su koma korama cikin ƴan mintoci, kuma daminar 2024 ta yi ɓarna mai yawa a garin. Kada ka yarda mai moto ya ratsa ruwa mai gudu da kai, ba a ganin ramin da ke ƙasa. Fake, ruwan yakan janye ba da daɗewa ba. Bayan ruwa kuɗi yana ɗan hawa, domin sai an yi zagaye.

Da dare, bayan isha'i, abin hawa yana raguwa a cikin unguwanni, kuɗi yana ƙaruwa. Dabarar da ta fi ita ce tun da rana, in ka dace da mai moto mai hankali, ka karɓi lambarsa. Mafi kyau ma wanda mai masaukinka ya sani da gidansu. Layin waya na Airtel, Moov ko Zamani ana yin rajistarsa da takardar shaida, ka yi shi ranar farko. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18.

Fita bayan gari

Zuwa Tibiri ta Sarkin Gobir, da ba ta fi kilomita 15 ba, ko Jiratawa, ko Madarunfa mai tafki, ko nesa kamar Gidan Rumji, Dakoro, Mayahi, Agye da Tasawa, motar tasha ake shiga. Kowace hanya da inda motocinta ke lodi, don haka ka ce wa mai kabu-kabu "kai ni inda ake shiga motar Dakoro", ba "tasha" kawai ba.

Motar tasha ba ta da agogo, sai ta cika take tashi. Ƴan kamasho za su ce maka saura mutum ɗaya. Leƙa da kanka, ka ƙirga mutane, ka dubi kayan da aka ɗaure a sama, domin kaya sun fi mutanen da ke zaune faɗin gaskiya: wasu na zaune ne kawai don mota ta yi kamar ta cika. Tambayi fasinjan da ke ciki nawa ya biya kafin ka biya, kuma ka biya wurin mai rubuta sunaye, ba wanda ya jawo ka ba. Kuɗin kaya daban ne, ana cinikinsa. Gidan gaba ya fi tsada, kuma a ƙananan motoci mutum biyu ake sakawa, in kana son sakewa ka biya kujera biyu. Da safe mota ta fi saurin cika, haka ma ranar kasuwar garin da za ka. A ƙauye kuwa, motar dawowa takan ƙare da la'asar, tambayi direban da ya kai ka lokacin ta ƙarshe tun kafin ka sauka.

Takardar shaidarka ta kasance a jikinka, ba cikin jakar da ke saman mota ba. Akwai shingayen ƴan sanda da jandarma a mafitar gari da kan hanya, ana karɓar takardu a duba, wani lokaci a ce kowa ya sauko. Wanda ba shi da ita shi ke tsayar da mota, kuma direba ba ya daɗewa yana jira. Baƙo daga wata ƙasa ya riƙe fasfo ko katin shaidarsa da katin rigakafi. Ƙauyukan da ke bakin iyaka ta wajen Madarunfa da Gidan Rumji sun sha fama da ƴan bindiga masu satar mutane da dabbobi. Can ba wurin zuwa da dare ba ne, ba kuma wurin da baƙo zai ɗauki kabu-kabu shi kaɗai ba. A tafi da rana, tare da ɗan gari, bayan an tambayi halin da hanya ke ciki a ranar.

Tafiya mai nisa, Yamai ko Damagaram ko Ƙonni, motar kamfani ta fi, domin ita tana da lokacin tashi. Sayi tikiti kwana ɗaya kafin tafiya, da takardar shaidarka, ka tambayi lokacin da ake son fasinja ya iso, wanda yakan riga lokacin tashi da kusan awa guda saboda awon kaya da kiran suna. Motocin Yamai da asuba suke tashi, lokacin da samun kabu-kabu a cikin unguwa ke da wuya. Ko ka yi alkawari da mai motonka tun da yamma, ka sake kiransa kafin ka kwanta, ko ka kai kayanka tashar da dare ka kwana can. Gab da sallah da lokacin komawar ɗalibai kujeru suna ƙarewa da wuri, a irin wannan lokaci sayi tikitin kwana biyu ko uku kafin ranar.